Chacha Miraj da Kazar Ƙarfe ta Kot Shahana

Duk wanda ya taɓa kwana a Kot Shahana ya san ba zakara ne ke riga kowa zuwa filin ƙwallon gora ba, Chacha Miraj Din ne, mai kula da filin, wanda kowa ke ce wa Chacha, wato baffa. Da an sallame asuba zai turo tsohon kekensa ya jingine a jikin darbejiya, ya tuɓe takalmi ya shiga fili. Wai shi tafin ƙafa ya fi ido gani. Sai ya taka daga wannan raga zuwa waccan, nan ya tsuguna ya tuge ƙaya, can ya toshe ramin ɓera da diddige, ya yi wa akuyar da ta yi sammako rakiya da hoge. Kafin hantsi ya dubi ludayi matarsa Sughran Bibi ta iso da shayi da roti, gurasarmu mai man shanu, ta tarar da shi riƙe da gwangwanin farar ƙasa yana gyara layi.

"Ɗan farin naka ya kwana lafiya?" in ji ta, tana nufin filin.

"Lafiya lau, yana gaishe ki," in ji shi.

Shekara talatin da takwas ke nan ana wannan gaisuwa. Ubansa ne ya dasa ciyawar kiri-kirin filin nan, shi kuma ya gada, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Shi ya sa na ce wallahi ba zan bari ya tafi shiru ba. Mun ga lokacin da ya kwashe kwana huɗu yana janye ruwan ambaliya daga fili da bokiti, alhali katangar gidansa na kwance. Mun ga shekarar fari da ya riƙa tara ruwan alwalar masallaci a randa saboda bakin raga kada ya bushe. Amma abin da zai ba ku mamaki, mutumin nan bai taɓa buga ƙwallo a filin ba, ko sau ɗaya. Tun yana ƙarami ubansa ya ce masa mai gyaran fili gefe yake tsayawa, shi kuwa ya riƙe wannan magana har furfura.

Mu mutanen Kot Shahana muna da wata al'ada da muke taƙama da ita. Duk gidan da aka yi haihuwa, sai a cika amalanke da kashin ɓaunar gida da muke kiwo, a rako shi da ganga har fili, sannan mai gida ya yafe wa fili awa guda daga cikin rabon ruwan gonarsa. Kun dai san yadda manomi ke ji da awarsa ta ruwa, ko ƙaninsa bai cika bai wa ba. Amma fili ana ba shi, da murna ma. Ga shi Allah ya yi mana albarkar haihuwa. Sai fili ya zama ɗan gata, ya ci ya sha, ya yi kore shar, in ka taka kamar katifa. Baƙi na yabo, mu muna hura hanci.

Bara, saura wata biyu gasar ƙauyuka goma sha biyu, wadda a filin nan ake yin ta tun kafin a haife ni, sai ga Malik Tufail, wakilin kwamitin gasa, da tabarau da ɗan littafinsa. Ya ajiye ƙwallo a tsakiyar fili, ya zage ya maka mata gora. Ƙwallo ta yi ɗan gudu, ta yi tafiya, ta yi rarrafe, ta kwanta. Ko rabin hanyar raga ba ta kai ba.

"Wannan fili ne ko gadon amarya?" in ji shi. "Zan dawo bayan mako takwas. In ƙwallo ba ta kai raga daga nan ba, gasa ta koma birni, filin ciyawar roba."

Kowa ya san abin da ya tafi birni ba ya dawowa. Chacha Miraj yana tsaye a gefe kamar yadda ya saba. Ubansa ya bar masa gasar nan da ranta, ga shi saura shekara guda ya sauka, a hannunsa za ta mutu? Mutanen gari kuwa nan take suka yanke shawara irin tamu: a ƙara taki, a ƙara ruwa.

Washegari Chacha ya cusa hannu cikin ciyawa, yatsunsa huɗu suka nutse ba su taɓa ƙasa ba. Abin da ke ƙarƙashin koren nan matacciyar ciyawa ce ta shekaru, ta saƙu ta zama tabarma, tana warin ruɓa. Yana cikin jujjuya abin a ransa, ya isa kusurwar da ke bayan gidansa, inda kajin Sughran ke satar shiga suna tono, kusurwar da kullum yake jin kunyarta. Ya taka, ya tsaya cak. Ƙasa tauri! Ciyawa gajera, a tsaye, kowace da ƙarfinta. Ya ciro tsohuwar ƙwallo daga aljihu ya gangara ta da hannu, ta wuce fit sai da ta bugi shinge.

Ai ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Ya faɗa kan keke sai shagon Ustad Buta mai walda, abokinsa tun na yarinta, wanda ba su iya gaisawa sai da tsiya.

"Ustad, kaza nake so ka ƙera mini!"

Ustad ya ɗaga gilashin walda ya dube shi sama da ƙasa. "Na daɗe ina faɗa wa Sughran rana za ta taɓa ka. Ta dafawa ko ta ƙwai?"

"Ta tono! Mai ƙafa sittin, wadda tarakta za ta ja!"

Ya tsuguna ya zana masa a ƙasa da tsinke. Ustad ya yi dariya har da tari, daga baya dariyar ta ragu, ya matso ya ƙwace tsinken ya ce, "Kai, ba haka ba, matsa can. Mai ba ciyawa ruwa ina ya san ƙarfe?"

Daga ranar shagon nan bai huta ba. Suka jawo tsohon ƙyauren makaranta da aka yar a bayan aji, suka yanka suka yi firam mai faɗin taku bakwai, suka yi masa kunnuwa uku da za su kama bayan tarakta. Suka yayyanka rodi suka liƙa a matsayin farata. Da suka gwada a fegin bayan shago, da ɓaunar Ustad tana ja, kai jama'a! Abin ya tsaga ƙasa ya riƙa watso hoge.

"Barka," in ji Ustad, "mun ƙirƙiro garma. Sai dai an riga mu da shekara dubu."

Chacha ya koma gida ya zauna a tsakar gida yana kallon kaji har Sughran ta fara tsorata. Da yamma ya dawo ya ce, "Ƙafar kaza ba ta dagewa, Ustad. Tana karta ta lanƙwashe ta dawo. Mu namu faratan taurin kai gare su, irin naka."

Ustad ya buga cinya. "Injin girbin alkama! Yatsun gabansa masu sifirin, masu lanƙwashewa su dawo!"

Washegari tsofaffin nan biyu suka hau babur guda zuwa kasuwar 'yan gwangwan a birni, suka yini cikin rana suna kwance yatsu daga wani mataccen injin girbi, suka dawo da sittin a buhu, hannuwa duk tsatsa, suna waƙa kamar waɗanda suka dawo daga biki. Suka jera su layi huɗu, aka ɗaure kowane da noti don in ya karye a sauya, kuma Chacha ya hana wani yatsa ya bi sawun na gabansa, tsakanin sawu da sawu yatsa biyu. Suka samo tayoyin wata matacciyar basfa suka sa a gefe, da ramuka da fil, yadda za a ɗaga ko a sauke, farce ya taɓa ƙasa amma kada ya shige ta. Matsala guda ta rage, abin ba shi da nauyi, sai tsalle yake yi. Aka ɗora bulo ya zube, aka ɗora buhun yashi ya fashe. Sai ga Sughran ta gangaro da dutsen niƙan da ta gada wajen uwarta.

"Ga shi nan," ta ce wa mijinta. "Amma in fili bai tashi ba, da ƙoƙon kanka zan riƙa niƙa."

An ci mako biyu, saura shida. Chacha ya je wajen Chaudhri Nazir, mai garinmu, wanda a zamaninsa shi ne gwanin gora na ƙauyukan nan kafin tumbi ya rufe masa ƙafa. Ya ce yana son aron tarakta don gyaran fili. Chaudhri ya miƙo makulli ko tambaya babu, ya ce har mai ya cika.

Ranar Talata da safe aka ɗaura Kaza. Ustad a kan tarakta, Chacha a baya, ba takalmi. Aka sauke fil, tarakta ta motsa, yatsu sittin suka fara rawa suna ƙara kamar ana kaɗa cokula. Sai ga matacciyar ciyawa tana tasowa, tana tumbatsa, tana naɗewa a bayansu tuli-tuli, har gwiwa! Chacha ya tsuguna ya share da hannu, ya ga baƙar ƙasa ta leƙo, ga jijiyoyin kiri-kiri kwance lafiya ba wadda ta tsinke. Ya miƙe ya kurma ihu.

"Ustad, tana ci! Wallahi tana ci! Ƙara wuta!"

"Sannu dai, tsoho, kada ka faɗi a ce ni na taka ka!"

Dattijo mai shekara sittin da biyu ya riƙa bin tarakta da gudu yana dariya, gemu duk ciyayi. Suka yi tsaye, suka yi kwance, kafin azahar sun gama rabin fili. Murna ta hana su ɗaga kai su ga yadda wurin ya koma. Koren nan da muke taƙama da shi ya ɓace, rabin fili ya zama ja-ja-ja kamar an yi gobara.

A daidai lokacin suka ji ganga. Ashe da asubar nan aka haifa wa Chaudhri jikansa na fari, namiji. Ga shi tafe da sabon rawani, ga amalanke shaƙe da taki an yi wa ɓauna ado, ga rabin gari a baya ana rabon alewar laddu. Suna shawo kwanar makaranta mai ganga ya ga fili, hannunsa ya tsaya a sama.

"Miraj," in ji Chaudhri, "alkama za ka shuka mana?"

Chacha ya ɗebo matacciyar ciyawa da hannu biyu ya kawo gabansa. "Chaudhri Sahib, sansana ka ji. Ba yunwa ke damun filin nan ba, ƙaunarmu ce ta shaƙe shi. Allah ya raya yaro, ya yi masa albarka. Amma takin nan, don Allah, a juya da shi. Ruwan ma damina ta ishe shi."

A garinmu ba a taɓa mayar da kyautar jariri ba, yin haka kamar ka ce ba ka maraba da yaron ne. Chacha ya san haka sarai, ya kuma faɗa, gaban kowa. Na ga gumi na bin wuyansa, amma bai janye ba.

Chaudhri ya taka ya zare makullin taraktarsa da kansa. "Mutumin da bai taɓa riƙe gora ba, shi zai koya mana fili?" Ya juya, amalanke ya juya, gari ya juya.

Wannan magana ta soki Chacha fiye da yadda ya nuna. Shi da Sughran da Ustad suka kwashe kwana uku suna tattara tarkacen da manjagara, su kaɗai, ba wanda ya ce musu sannu. A teburin mai shayi kuwa abin ya zama abin hira. Da ya wuce sai wani ya yi kukan kaza, wani ya ce, "Garin tone-tone dai kaza kan tono wuƙar yanka ta." Ni mai rubutun nan ina cikin waɗanda suka yi dariya, kuma har yau ina jin kunya. Har an fara maganar a karɓe makullin siton kayan fili daga hannunsa kafin lokacin saukarsa.

Shi dai kullum asuba yana fili. Kwana biyar, ja. Kwana bakwai, ja. Ya daina gama rotinsa. Sughran ta daina tambayar ɗan fari, sai dai ta ajiye shayi ta zauna kusa da shi. Ran na takwas aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ran na goma ya taka fili ya ji wani abu na sukar tafin ƙafarsa. Ya duƙa. Tsirrai ne kore, sirara, sun fito dubu bisa dubu! Ya zauna daɓas a cikin laima yana ta "Alhamdu lillahi," har wandonsa ya jiƙe bai sani ba.

Mako uku da tonon Kaza, fili ya rabu biyu kamar an ja zare. Wata safiya sai ga Chaudhri shi kaɗai, da tsohuwar gorarsa a hammata, yana wani basarwa kamar hanya ce ta biyo da shi.

"Chaudhri Sahib," in ji Chacha, "tuɓe takalmi."

Ya harare shi, amma ya tuɓe. Ya taka wannan rabi, ya taka wancan, ya dawo. Ya ajiye ƙwallo a bakin ragar da aka tona ya buga. Ta tashi kamar an harba ta, ta shanye rabin fili cikin ƙiftawar ido, tana shiga tsohon ɓangare ta turje ta tsaya kamar jakin da ya ga kwalbati. Chaudhri ya daɗe yana kallonta. Can ya juya wajen gari ya buɗe muryar nan tasa da ake ji har ƙauyen gaba.

"Buta! Ustad Buta! Ina Kazar nan? Saura kwana nawa, Miraj?"

"Ashirin da ɗaya."

"Za su isa?"

"In an fara yanzu, kuma in ba wanda ya kawo mini taki."

Ranar Chaudhri da kansa ya ja tarakta, rawani a karkace, yana ihu a ba shi hanya. Masu kukan kaza na teburin shayi su ne a gaba da manjagara. Mata da kwanduna, malaman makaranta da baro, liman ma ya naɗe hannun riga. Aikin da mutum uku suka yi a kwana uku, kafin la'asar an share shi, mai ganga yana kiɗa ba wanda ya kira shi.

Ran da Malik Tufail ya dawo, ko kaza ba a bari a gida ba. Sabon rabin bai gama cika ba, akwai ɗan ja nan da can, kuma ta wannan ɓangaren ya ce za a buga. Ya ajiye ƙwallo a tsakiya, ya miƙa hannu a ba shi gora. Sai Chaudhri ya wuce shi, ya je gefe inda Chacha ke tsaye, ya kamo hannunsa har tsakiyar fili ya danƙa masa tasa gorar.

"Na faɗi magana a gaban jama'a," in ji shi, "a gaban jama'a zan lashe ta. Buga, Miraj."

Chacha ya riƙe gora a juye, sai da Ustad ya gyara masa. Ya ɗaga, ya kai duka, ya sami iska. Fili ya ɗauki dariya, Sughran ta ƙwala daga cikin mata, "Ka tuna dutsena!" Ya goge hannu a riga, ya dubi ƙasar da ya sani taku-taku, ya sake ɗagawa. Ƙwal! Ƙwallo ta miƙe ɗoɗar, ba tsalle ba kwana, gari duka na bin ta da ihu, tafi, tafi, tafi, har ta daki katakon raga. Malik Tufail ya rufe littafinsa ya ce, "Gasa tana nan." Sauran maganarsa ba wanda ya ji. Chacha Miraj kuwa yana tsaye a tsakiyar fili, wurin da bai taɓa tsayawa ba sai da gwangwanin farar ƙasa, hawaye na bin gemunsa.

Da yamma ya je gidan Chaudhri da sabon yatsan ƙarfe a aljihu. Ya ce, "Kyautar jikanka ban mayar ba, sauya ta na yi. Zo ka ɗaura wannan da sunansa." Tun daga ranar, duk wanda aka yi wa haihuwa a Kot Shahana, yatsa guda yake sayo wa Kaza, a rako shi da ganga ya ɗaure notin da hannunsa. Taki kuma gonakin gwauraye mata ake kai wa.

Chacha Miraj, kai ne ka faɗa wa gari guda gaskiya ranar da ganga ke tashi, ka san abin da za ta jawo maka. Kai ne ka koyi darasi wajen kaza ba ka ji girman kai ba. Kai ne muka yi wa dariya mako uku, da muka zo da manjagara ba ka ce mana ko "ai na faɗa" ba, sai nuna mana inda za mu zuba tarkace ka yi. Na Sughran, mai ido a tafin ƙafa, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa albarka a hannun Ustad Buta da dutsen niƙan da har yau ba a mayar ba.

Ku kuma da ke karatu, kowane gari na da irinsa, yana tsaye a gefe kuna wuce shi. Ku je ku gaishe shi tun yana ji. In kuma an ba ku amanar wani abu, ku yi irin ta Chacha, kada kore na sama ya ishe ku, ku cusa hannu ku ji abin da ke ƙasa.

Jiya na tambaye shi me zai yi ran farko na hutu. Ya ce barci, har rana ta take. Sughran ta yi tsaki ta ce in zo da asuba in gani. Na ce to in ya miƙa makulli, me zai je yi? Sai ta nuna mini bayan ƙofa. Sabuwar gora ce jingine, an shafe ta da mai.